Tuwo Ya Sauya Hatsi, Miya Na Rasa Ganye: Girkin Gida a Danja da Kudancin Katsina

Tsakure

Maƙalar ta dubi girkin gida a ƙasar Danja da maƙwabtanta na shiyyar Funtuwa da Malumfashi, tana bin abin da ke shiga tukunya tun daga gona. Hujjar da take kafawa ita ce, hatsin da ake tuƙa tuwo da shi ya tashi daga dawa ya koma masara cikin shekara 50 ɗin nan ba tare da gidaje sun ji sun yi wani rashi ba, domin ɗanɗanon yankin da yawancin amfanin abincinsa suna cikin miya ne da fate da dambu. Waɗannan kuwa sun dogara da itatuwan gona da ganyayen da ke tsirowa da kansu, waɗanda salon noman yau yake kawarwa. An dogara da lura a gidaje da kasuwanni, da kuma ayyukan manazartan da suka zauna a wannan yanki.

1.0 Gabatarwa



Idan littattafan makaranta suka zo babin abincin Hausawa, sukan jero tuwo da fura da koko da ƙosai su wuce, sai ka ce mutumin Daura da na Danja daga tukunya ɗaya suke ci. Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987, ta miƙo ne tun daga iyakar Nijar har ta zo ta jingina da ƙasar Zazzau. A arewacinta ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 600 zuwa 700, ƙasar kuma jigawa ce, don haka gero ne sarki. A kudu, wato ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa da ake kira Karaduwa, ruwan yakan kai milimita 1,000, ƙasar tana da laka da fadamu, damina kuma tana daɗewa. Nan ne gidan dawa da auduga, daga baya masara da waken suya da shinkafa da tumatir da rake suka samu wurin zama.

Danja tana can ƙarshen kudu maso gabas. Ta yi iyaka da Rogo ta Jihar Kano da kuma ƙasar Zazzau ta Jihar Kaduna, saboda haka matan Dabai da Kahutu da Tandama sun fi kusa da matan Kudan da Giwa a hannun girki fiye da na birnin Katsina, ko da yake sarautar ƙasar ta Katsina ce. Aure da kasuwa ne suke ɗaukar girki daga gari zuwa gari, su kuwa ba su san iyakar jiha ba. Shaidar wannan tana cikin littafin Baba of Karo da Mary Smith ta fitar a 1954, bayan ta rubuta tarihin rayuwar dattijuwa Baba, wadda ke zaune a Giwa, a 1949 da 1950. Baba ta yi zama a Zarewa, wadda ke ƙasar Rogo a yau, maƙwabciyar Danja, kuma duniyar da ta ba da labari ta dawa ce da gero da auduga. Wanda ya shiga gidajen wannan yanki da magariba a yau, farin tuwon masara zai tarar a yawancin kwanuka.

2.0 Yadda masara ta karɓe tukunya

Masara ba baƙuwa ba ce a nan. Amma har zuwa farkon shekarun 1970 amfanin bayan gida ce, ana shuka ta inda toka da kashin dabbobi suka taru, a karyo ta ɗanya a gasa ko a dafa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Abin da ake wa laƙabi da amfanin kuɗi auduga ce, wadda ta sa aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, ta kuma samu hanyar fita da layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929.

Abin ya juya ne a 1975, bayan farin 1972 zuwa 1974, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya zo da takin zamani mai rangwame, da hanyoyin karkara, da malaman gona, da ingantaccen irin farar masara, musamman wanda ake kira TZB daga cibiyar binciken noma ta Ibadan. Manomi ya ga cewa in an ba masara taki tana ninka abin da dawa ke bayarwa a gona ɗaya, tana kuma nuna tun dawa ba ta fid da kai ba. 'Yan kasuwa suka bi, har Ɗandume da Bakori da Funtuwa suka zama wuraren da manyan motoci ke lodin hatsi zuwa kudu. Paul Clough, wanda ya fara zama a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya rubuta yadda fataucin hatsi ya zama hanyar tara dukiya a karkarar nan.

Wannan duk labarin maza ne. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne dalilin da ya sa mata suka yarda, domin hatsin da uwargida ta ƙi ba ya zama tuwo komai yawansa a rumbu. A ganina dalili biyu ne suka fi ƙarfi. Na farko injin niƙa. Masara tana da taurin da ba a son haɗuwa da shi a turmi ko dutsen niƙa, da ba don injin ya bazu ƙauyuka a daidai wannan lokaci ba, da ta tsaya a gashi. Na biyu kuwa ido ne. Masarar da aka surfa, aka wanke, aka jiƙa ta kwana, aka shanya ta sha iska kafin a kai niƙa, tana ba da tuwo fari sol mai laushi, wanda ake iya ajiye wa baƙo ba kunya a gidan da shinkafa sai da Sallah. Aikin hannu bai canza ba: a tankaɗe a ware tsaki, a yi talge, a tuƙa da muciya, a rufe ya sulala, a kwashe da mara a malmala. Bahaushe ya ce ba a sauya wa tuwo suna, haka kuwa aka yi. Tuwon dawa, na kaura ko na farfara, ya koma abincin dattawa da masu ciwon suga da gidajen da takin zamani ya fi ƙarfinsu.

Sauyin yana da kuɗinsa. Dawa a dami takan shekara biyu ko fiye a rumbu, masara a buhu kuwa ƙwari na shigarta cikin 'yan watanni in ba a sa magani ba. Masara ba ta yi sai da taki, shi ya sa duk shekarar da buhun taki ya yi tsalle, kamar yadda aka gani tun daga 2022, za ka ga gonaki sun koma dawa da waken suya. Sannan akwai batun gina jiki. Surfe yana tafiya da dusa, dusar kuma ta tafi da mafi yawan abin amfani ta faɗa bakin akuya. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, a farkon ƙarni na 20, talakawan da suka dogara da garin masara kusan shi kaɗai sun yi fama da cutar da likitoci ke kira felagara, mai lalata fata da hanji da ƙwaƙwalwa, har Joseph Goldberger ya fara bincike a 1914 ya nuna cewa daga abinci take. Mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, sun tsira saboda suna dafa ta da farar ƙasa ko toka. Mu ba mu ɗauko wannan dabara ba. Abin da ya tsaya mana shi ne ba a cin tuwo gaya sai dole: gyaɗa da wake da daddawa da ganyen da ke cikin miya su ne suke cike giɓin. Saboda haka miya a wannan yanki ba kwalliya ba ce.

3.0 Miya, fate da daddawa

Miyar gida a Danja tana bin kalandar gona. Da damina ta kankama ganye ne ko'ina: ɗanyar kuɓewa, lalo, karkashi, yakuwa, rama, alayyafo, zogale. Da kaka kabewa ta nuna, sai taushe, da dakakkiyar gyaɗa da ɗan tsamin yakuwa. Da rani a koma kan abin da aka shanya, wato kuka da busasshiyar kuɓewa da garin karkashi. Macen da ta san hannunta tana tanadin miyar rani tun watan Satumba, a inuwa take shanya ganyen kuka don kada rana ta cinye korensa, ta yanka kuɓewa ƙanana ta baza a tabarma. Ana gane gidan da aka yi wannan tanadi a watan Afrilu.

Amma idan za a zaɓi abinci ɗaya da ya bambanta wannan yanki da arewacin jihar, ni fate zan zaɓa, wanda kudancin Katsina ya yi tarayya da Zazzagawa a kansa. Tsakin da aka ware wajen tankaɗe ne jarinsa. Ana ɗora ruwa da wake in akwai, a zuba jajjagen attaruhu da albasa da daddawa, a kawo dakakkiyar gyaɗa. In ya tafasa sai a wanke tsaki a riƙa zubawa ana juyawa don kada ya yi gudaji. Ganye ne ke shiga daga ƙarshe, yakuwa da rama ko alayyafo, da gauta ga mai son ɗaci-ɗaci, a bar shi ya yi ruwa-ruwa yadda za a sha da ludayi ko cokali. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, babu nama, ga hatsi ga mai ga ganye. Mudun tsakin da ba zai ishi gida tuwo ba yakan ishe su fate har a miƙa wa maƙwabta. Dambu ma haka yake, tsaki ne da zogale ko rama a madambaci, a barbaɗa ƙuli da man gyaɗa. Da tsadar abinci ta tsananta bayan cire tallafin man fetur a 2023, waɗannan ne gidaje da yawa suka koma wa, har da kwaɗon tafasa da a da ake ganin na masu ƙaramin ƙarfi ne.

Dukansu daddawa ce ke riƙe da su. Yin ta aiki ne na kwanaki, kuma yana hannun tsofaffin mata. Da bazara ake kaɗo ɗorawa, a ɓare, a daka a fitar da garin nan rawaya da yara ke sha, a wanke kalwa. Sai a dafa kalwar wuni guda ko kwana, ana ƙara ruwa ana tura itace, har ɓawon ya yi laushi. A zuba a turmi a sussuka, a kai bakin rijiya a wanke, ɓawo ya taso a zubar. A sake dafawa da ɗan kanwa, a tsane, a zuba a ƙwarya ko kwando a lulluɓe da ganye da tsumma a ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. Hanci ne ke gaya wa mai yi cewa ta yi. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a danna ta faifai-faifai a shanya. Ko ɓawon ɗorawar ba a yar da shi, shi ne makubar da ake shafe katanga da daɓe. A inda kalwa ta yi tsada akwai daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa, sannan ta waken suya ta shigo daga baya, tana da arha amma duk mai girki ta san ba su yi daidai ba.

Dunƙulen Maggi da 'yan'uwansa ba su kori daddawa daga tukunyar ƙauye ba, zama suka yi tare da ita. Sai dai gishiri da ɗanɗano kawai dunƙule ke kawowa, ita kuwa daddawa abinci ce mai gina jiki a gidan da nama sai ranar kasuwa.

Wani abin da ya kamata a faɗa a taƙaice: girkin gida a nan ba ya tsayawa a gida. Emmy Simmons, wadda ta auna cin abinci a ƙauyukan kusa da Zariya a 1970 da 1971, ta nuna cewa kaso mai yawa na abin da ake ci da rana saye ake yi daga matan da ke sana'a a cikin gidajensu. Har yau haka ne a Danja. Da safe ɗumame ko koko da ƙosai, da dare tuwo, tsakaninsu kuwa ɗanwake ne da alale da waina da dafaffen rogo ko dankali da fura, sai awara da ta zo da noman waken suya ta zama kamar da ita aka fara. Kuɗin wannan sana'a na mace ne, da shi ake zubin adashi da tara kayan ɗakin 'ya'ya.

4.0 Garin tumatir, miyar kuka

Sunan Danja a Nijeriya tumatir ne ya kai shi, sai rake da mazarƙwailar da ake dafawa daga ruwansa. Da rani fadamu kan cika da masu ban-ruwa, kwanduna su yi layi, motoci su ɗauka har kasuwar Mile 12 ta Legas. Mai zuwa daga nesa zai ɗauka jar miya ake sha kullum a garin. Ba haka abin yake ba. Na kirkin kuɗi ne, yana tafiya. Abin da ke shiga gida shi ne wanda ya fashe ko ya yi laushi, da kuma kauɗa, wato wanda aka tsaga aka shanya a lokacin da kasuwa ta cika har kwando bai biyan kuɗin ɗauko shi. Miyar dage-dage ta shinkafa ce da taliya, ta suna da biki da ranar Juma'a. Tuwon dare na kuka ne da kuɓewa.

An ga amfanin wannan a 2016, shekarar da tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, sabon kamfanin Dangote na Kadawa ya tsaya don rashin abin sarrafawa. Manomin Danja ya yi asarar kuɗi mai ciwo, birane suka yi ta kuka da tsadar miya, amma tuwon darensa bai fasa ba, don miyarsa ba ta rataya a kan amfanin gona ɗaya ba. Abin da zan soka a nan shi ne yadda ake shanya kauɗa a ƙasa, a gefen titi, ƙura da dabbobi suna bi ta kai. Gyaran wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

5.0 Abin da feshi da gatari suke ci

Yawancin ganyen da na lissafa ba shuka su ake yi ba. Karkashi da lalo da tafasa da gasaya da rukuɓu da kansu suke fitowa a kunya da gefen gona. A zamanin fartanya mai noma yana ganin abin da yake sara. In ya zo kan karkashi sai ya kauce masa, ya san na matan gida ne. Yanzu kuɗin ƙwadago ya yi yawa, maganin ciyawa ya fi arha, yaro ɗaya da goyon feshi zai gama da safe abin da gayya take wuni a kai. Maganin bai san karkashi ba, bai san tafasa ba. Matan da a da suke tsinko miyar kwana uku a hanyar kai abinci gona, yau saye suke yi a kasuwa, wanda ya rage a gefen gona kuma ba a san abin da ya sha ba. Ban ga laifin manomi ba, lissafinsa daidai ne. Sai dai lissafin na buhu ne, miya ba ta ciki, saboda mai feshi da mai girki ba mutum ɗaya ba ne.

Itatuwa ma haka. Gonar gargajiya a nan tana da ɗorawa da kuka da kaɗanya da tsamiya da ɗinya a tsaye a cikinta, ɗorawa kuwa dukiya ce da ake gado. Tarakta ba ta son itace a hanya, masara ba ta son inuwa, mai gawayi yana biya nan take. Wanda ya zagaya gonakin da ke tsakanin Danja da Bakori ya duba da kyau zai ga manyan ɗorawu tsofaffi, da wuya ya ga 'yan ƙanana masu tasowa, ita kuma tana ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya. A yammacin shiyyar, wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Ɗandume, rashin tsaro ya ƙara nasa: daji ya gagari mata shiga, rugage da yawa sun tashi, nono da man shanu suka yi wuya, har madarar gari ta shiga ƙwaryar fura.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da aka gada alheri ne. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a Zariya da kewaye yana da alaƙa da kunun kanwar da ake ɗura wa mai jego tare da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Wannan al'ada ce da ta cancanci a rage ta, kuma ana ragewa. Abin takaici shi ne mun fi saurin rabuwa da ɗorawa fiye da kanwa.

Akwai abin koyi kusa da mu. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun tsakiyar shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi, abin da suke kira sassaben zamani, har itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a ƙasar da ba ta samun ruwa kamar Danja. Ba a kai musu dashe daga waje ba, hannu kawai suka ɗaga.

6.0 Kira

Ga malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta Jihar Katsina, wato KTARDA, da masu binciken noma a Samaru: idan ana koya wa manomi feshi, a koya masa ya ware kunya biyu ko uku da magani ba zai taɓa ba, a kuma sa irin karkashi da lalo da rama cikin abin da ake adanawa ana rabawa, kamar yadda ake yi wa masara. Ga hakimai da dagatai: sare ɗorawa mai 'ya'ya ya koma abin da sai an nemi izini. Ga mu kuma, na sassan Hausa a Katsina da Dutsin-ma da Zariya da Kano, mun rubuta kundaye da yawa masu jero sunayen abinci. A tura ɗalibai, musamman mata da za su iya shiga cikin gida, su zauna da masu daddawa da masu fate a Dabai da Ƙafur da Malumfashi, har da gidajen Maguzawa inda mata ke noma da kansu, su rubuta awo da lokaci da sunan kowane ganye da inda ake samunsa, gari-gari. Matan da suka yi girki kafin 1975 sun haura shekara 65 yanzu, a fara da su tun yanzu.